Ƙanena zai sayar da babur don bizar Japan, ku ba ni haske

Bakaniken Buzaye:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kwana uku ke nan abin na ci mini tuwo a ƙwarya.

Ni bakanike ne a Buzaye, shekara 19 ina shiga ƙarƙashin mota. Ban taɓa ganin mutumin Japan ido da ido ba, amma na san hannunsa kamar yunwar cikina. Ka ba ni sufana lamba 10, da 12, da 14, da 17, in kwance maka rabin Corolla ban je aron komai wurin maƙwabci ba. Akwai wata Hiace mai lodin Illela, tun ina yaron gareji take zuwa wurin maigidana. Maigidan ya rasu, Allah ya jiƙansa, na gaji garejin, na gaji motar, har gobe tana kwasar mutane da buhunan albasa a kai. Saboda haka in anka ce Japan, ni zuciyata a sake take. Wanga son da nike yi masu shi ne nike tsoron ya rufe mini ido yanzu.

Autanmu shekararsa 24. Ya gama NCE, aiki bai samu ba, na haɗa kuɗɗi na saya mashi babur, shina kabu-kabu tsakanin Dandima da Tsohuwar Kasuwa. Makon jiya ya zo gareji da wani mutum mai farar shadda, ƙamshin turarensa har ya danne warin baƙin mai, wai ejan ne na fita waje. Mutumin ya buɗe waya ya nuna mini labarai da hotuna. Ya ce Japan ta ba Najeriya gari sukutum, sunansa Kisarazu, kusa da Tokiyo, kuma an buɗe biza ta musamman don matasanmu su je aiki, tunda su can tsofaffi sun yi masu yawa. Naira miliyan 2 da dubu 800 zai yi komai: fasfo, biza, tikiti, har masauki. Amma a fara ba da dubu 500 kafin ƙarshen wata a riƙe mashi gurbi, wai saura mutum huɗu jerin ya cika.

Auta ya riga ya sa babur kasuwa. Inna kuma da ta ji ɗanta zai riƙa aiko kuɗɗin waje, sai ta ce a yanki rabonsa cikin gonar mahaifinmu ta Kwalkwalawa a sayar. Ni kaɗai na tsaya, har an fara raɗe-raɗi a gida wai baƙin ciki nike yi.

Abin da ya hana ni korar mutumin nan take shi ne ba a bakinsa na fara jin labarin ba. Da kunnena na ji a rediyo cikin damina, lokacin da shugaban ƙasa ya je taro can. To in gwamnati ta faɗa, ni wane ne?

Sannan ko da bizar gaskiya ce, ina son wanda ya san ƙasar ya gaya mini halinta, don mu ji kawai muke yi. An ce in ka yar da alabe cikin jirgin ƙasa zai dawo maka ba a taɓa ko sisi ba. An ce wani ministan noma ya bar kujera don kawai ya yi suɓul da baka kan shinkafa. Ranar da munka ji wanga labari a gareji sai da wani direba ya yi dariya har ya ƙware da shayi, ya ce a nan ai sai dai a ƙara wa ministan ma'aikata. Amma kuma a ƙasar nan ne anka harbe tsohon shugabansu da rana tsaka a bakin titi. To wanne zan ɗauka? Kuma baƙin mutum, musulmi mai salla biyar, da wane ido suke kallonsa?

Malami a Dundaye:

Wa alaikumus salam. Malam, kafin komai, kada a ba mutumin nan ko ƙwandala, kuma a janye babur daga kasuwa yau ba gobe ba. Babu wannan bizar, ba a taɓa yin ta ba.

Ga yadda aka haihu a ragaya. A Agustan 2025 aka yi taron Japan da ƙasashen Afirka karo na 9 a Yokohama, wanda ake kira TICAD. A gefen taron, hukumar JICA mai kula da tallafin da Japan ke bai wa ƙasashen waje ta ƙulla ƙawance tsakanin garuruwa huɗu da ƙasashe huɗu: Kisarazu da Najeriya, Nagai da Tanzaniya, Sanjo da Ghana, Imabari da Mozambik. Dalilin zaɓar Kisarazu shi ne a can 'yan wasanmu suka sauka suka yi atisaye gab da gasar Olamfik ta Tokiyo. Abin da aka shirya musayar ziyara ce da al'adu. Sai sanarwar da ta fito daga Abuja ta ƙara gishiri, ta ce za a buɗe biza ta musamman. Ita ka ji a rediyo, kunnenka bai yi ƙarya ba. Abin da bai iso gareji ba shi ne ƙarshen labarin. Ma'aikatar harkokin wajen Japan ta fito ta ƙaryata, aka janye sanarwar Abuja aka gyara ta, mutanen Japan kuma suka yi ca, suka cika ofishin magajin garin da kira da saƙonni wai an sayar da garinsu ga baƙi. Kafin Satumba ta ƙare JICA ta soke shirin ɗungurungum. Ejan ɗinka mushe yake sayarwa, kuma ko lokacin da dabbar ke da rai ba biza ba ce.

Na zauna can shekara 4, a tsibirin Kyushu, da tallafin karatu na gwamnatinsu. Maganar alabe gaskiya ce, a kaina ta faru. Na bar nawa a kujerar bas da kuɗin haya na wata a ciki, na je ɗan ofishin 'yan sanda na unguwa, wanda suke kira koban, na cika takarda, bayan kwana biyu aka kira ni. Har rasit ɗin shago da na cusa a ciki yana nan. Amma kada ka ɗauka kyan hali ne kaɗai. Akwai tsari a ƙarƙashinsa. Irin waɗannan ofisoshi sun haura 6,000 a ƙasar, yaro tun yana firamare ake koya masa in ya tsinci ko kwabo ya kai can. Doka ta ba mai tsintuwa haƙƙin kashi 5 zuwa 20 cikin ɗari na abin da ya mayar, in kuma aka yi wata uku mai shi bai zo ba, ya zama nasa halak malak. A 2023, tsabar kuɗin tsintuwa da aka kai wa 'yan sandan Tokiyo kaɗai ya haura yen biliyan 4.

Ministan shinkafa ma gaskiya ne. Sunansa Taku Eto, a watan Mayun 2025. Farashin shinkafa ya ninka cikin shekara guda, kilo 5 ya wuce yen 4,000, shi kuma ya tashi a wani taro ya ce bai taɓa sayen shinkafa ba, magoya baya ke kawo masa har ta yi yawa. Bai yi mako ba ya ajiye aiki. A 2011 ma ministan harkokin waje, Seiji Maehara, ya sauka saboda gudummawar yen 250,000 da ya karɓa daga wata baƙuwa mazauniyar ƙasar, don doka ta hana ɗan siyasa karɓar kuɗin wanda ba ɗan ƙasa ba. Kuɗin da ba su kai na ƙaramar tsohuwar mota ba.

Sai dai direban garejinku kada ya yi saurin tafi. Jam'iyya ɗaya, LDP, ke mulki tun 1955, sau biyu kawai ta taɓa sauka, 1993 zuwa 1994 da 2009 zuwa 2012. Kujera kuma gado ce a gidaje da yawa, kamar sarauta. Shinzo Abe, tsohon firaministan da ka ce an harbe, jikan firaminista ne, ɗan ministan harkokin waje. Wanda ya gaji ministan shinkafar, Shinjiro Koizumi, ɗan tsohon firaminista ne. A ƙarshen 2023 asiri ya tonu cewa 'yan majalisar jam'iyyar da dama suna karɓar rarar kuɗin tikitin liyafar tara gudummawa ba sa rubutawa, kuma ƙalilan ne suka tsaya gaban alƙali. Kai ake canzawa, jiki yana nan. Tun da Abe ya sauka a 2020 an yi Suga, an yi Kishida, an yi Ishiba, a Oktoban 2025 aka naɗa Sanae Takaichi, mace ta farko. Kai da ita za ku shirya a hira, don tana budurwa Kawasaki take hawa, kuma ta shekara wajen 20 tana tuƙa Toyota Supra guda. Amma a kan baƙi ba ta da sanyin hannu.

Nan ne abin ya shafi Auta. Ejan bai yi ƙarya ba da ya ce tsofaffi sun yi yawa. A 2024 jariran da Japanawa suka haifa ba su kai 700,000 ba, waɗanda suka mutu kusan miliyan 1.6, gidajen da ba kowa a ciki wajen miliyan 9. Suna neman hannu ido rufe, amma suna tsoron fuskar da za ta zo da hannun. Baƙi kusan kashi 3 ne cikin ɗari, duk da haka a zaɓen majalisar dattawa na Yulin 2025 wata ƙaramar jam'iyya, Sanseito, mai kirarin Japanawa ne a gaba, ta ci kujera 14. Wata guda bayan haka aka yi rigimar Kisarazu, ka ga ba daga sama ta faɗo ba.

Hanyar gaskiya tana nan, sai dai ba ta bi ta wurin mai farar shadda. Bizar aiki ko ta karatu sai kamfani ko makaranta a can sun nemo maka takardar cancanta daga hukumar shige da ficensu, da sunanka a kai. Bizar ƙwararrun ma'aikata da suka buɗe a 2019 sai ka ci jarrabawar yare da ta sana'a, kuma akasarin masu shiga ta nan daga Biyetnam, Indonesiya da Filifin suke. Tallafin karatu na gwamnati kuwa ta ofishin jakadancinsu a Abuja ake nema, ni ko naira ban ba kowa ba.

Mai gidan kallo, Mabera:

Oga bakanike, Dakta ya gama da biza. Ni abin da nis sani ƙwallo ta, da ita nika cin abinci, to bari in hwaɗa maka halin mutanen ga ta hilin wasa.

Ranar da sunka buga da Jamus a Katar, 2022, gidan kallona mutum bai kai ashirin ba, kowa yac ce an san sakamako. Jamus tas saka ɗaya da fenareti, yara sunka hwara zamewa. Sai ga Doan, sai ga Asano, 2-1! Waɗanda sunka hita sunka dawo da gudu suna son in maida masu baya, nic ce kai tsaye aka yi, ba kaset ba na. Sunka sake yi wa Sifaniya 2-1. Tsakanin wasannin biyu kuma Kosta Rika tac ci su 1-0, ka ji ƙwallo. An tashi wasa magoya bayansu na bin kujeru da leda suna tsince shara. Nin nuna wa yaran Mabera wanga hoto, nic ce ku dubi ɓawon gyaɗa da ledar fiya wata da kuka bar mini kullum, wani yac ce Oga ai su ba su da mai shara shi yas sa.

Amma kada Dakta shi sa mu ɗauka waliyyai na. 2018 a Rasha, su da Senegal maki ɗaya, ƙwallaye ɗaya, komi ɗaya. Poland na cin su 1-0, da sunka ji Kolombiya ta ci Senegal sai sunka koma suna ba juna ƙwallo a baya wajen minti goma, 'yan kallo na yi masu ihu, ko a jikinsu. Katin gargaɗi anka ƙidaya, su 4, Senegal 6, sunka wuce. In wanga ba wayo ba na, mi na na? Allah kuma yas saka wa Senegal, Beljiyam taz zo tac ci su 3-2 bayan suna gaba da biyu.

Wanda ba ni mantawa Olamfik ta 2016. Yaranmu na Najeriya, na koci Siasia, sun maƙale a Atlanta, sunka sauka Manaus saura 'yan awowi a take wasa, sunka ci Japan 5-4, Etebo shi kaɗai huɗu. Daga baya wani likita ɗan Japan, Katsuya Takasu, da yaj ji wahalar da sunka sha, yat taso takanas har Burazil yab ba su dala 390,000 da sunka ci tagulla. Ƙasarsa munka ci, shi kuma yak kawo kyauta. To yau ina muke? Lig ɗinsu 1993 anka buɗe shi, Kofin Duniya 1998 sunka hwara zuwa, mu mun riga su da shekara huɗu. Tun sannan ba su sake hwashi ba. Su na hwarko da sunka yanki tikitin 2026 a wasannin share hwage, tun watan Maris 2025, a Oktoba kuma sunka ci Burazil 3-2. Mu Ghana ta hana mu 2022, Kongo ta hana mu 2026. Mu baiwa, su shiri.

Abin da zai shahi Auta kuwa kokawarsu ta, sumo. Gasa shida a shekara, kowace kwana 15, ana watsa gishiri a hili kahin a kama, kamar yadda namu ka shiga da layu da kirari. Sun bar baƙi sun shiga, 'yan Mongoliya ma sun daɗe suna kada su, Hakuho shi kaɗai kofi 45. Akwai wani ɗan Masar, Osunaarashi, musulmi, da azumi a bakinai shika kokawa, yak kai babban rukuni. 2018 anka kama shi ya tuƙa mota ba lasin, shi ke nan, anka ce shi aje. Oga, tsakaninka da Allah, Auta na da lasin ɗin babur ɗin da shika kabu-kabu da shi?

Lauya daga Arkilla:

Malam, sannu da ƙoƙarin riƙe gida, ba kowane wa ke yarda a kira shi mai baƙin ciki don ya tsare ƙaninsa ba. Zan amsa tambayarka ta harbi, sannan in ɗan rage wa Dakta zaƙin miya.

Abe an harbe shi ranar 8 ga Yulin 2022 a Nara, yana jawabin yaƙin zaɓe. Abin lura shi ne bindigar. Wanda ya yi harbin, Tetsuya Yamagami, da hannunsa ya ƙera ta da bututun ƙarfe da katako a ɗakinsa, don ba ta sayuwa. Farar hula ba ya riƙe ƙaramar bindiga a can. Ta farauta ma sai ka zauna aji, ka ci jarrabawa, likita ya duba hankalinka, 'yan sanda su binciki gidanka da danginka, kuma duk shekara 3 ka sabunta. A 2021 mutum ɗaya tak aka kashe da bindiga a ƙasa mai mutum sama da miliyan 120. Mu da ke da 'yan uwa a Isa da Sabon Birni ba sai an yi mana bayanin nauyin wannan adadi ba. Kuma ba rikicin jam'iyya ba ne. Ya ce wata ƙungiyar addini ce ta talauta mahaifiyarsa da karɓar gudummawa, shi kuma ya ga Abe na da alaƙa da ita.

To amma zaman lafiyar nan da tsadarsa, kuma baƙo ya fi kowa biya. In aka kama mutum ana iya tsare shi kwana 23 ba a gurfanar da shi ba, ana yi masa tambayoyi ba lauya a ɗakin, in kwanakin suka cika a sake kama shi da wani zargin. Wanda ya musanta laifi beli kan yi masa wuya. Shari'ar da ta kai gaban alƙali, sama da kashi 99 cikin ɗari da hukunci take ƙarewa. Masu kare tsarin kan ce ai masu gabatar da ƙara ba sa kai shari'a sai sun tabbata. Na ji, amma a tambayi Iwao Hakamada. Tsohon ɗan dambe ne, aka kama shi a 1966 da zargin kashe maigidansa da matarsa da 'ya'yansu biyu, ya amsa bayan kusan kwana 20 ana matsarsa, ya janye a kotu, aka yanke masa kisa a 1968. A can rataya ake yi, kuma da safiyar ranar ake gaya wa mutum. Ka auna shekara sama da 40 kana sauraren takun takalmi kowace safiya. An sake shi a 2014, sai a Satumban 2024 kotu ta wanke shi ta ce ƙirƙirar hujjojin aka yi, yana da shekara 88, hankalinsa ya riga ya taɓu. Yayarsa Hideko ce ta tsaya masa duk tsawon nan, tana da 91 ranar hukuncin. Carlos Ghosn, tsohon shugaban Nissan, da kuɗinsa da lauyoyinsa, da ya ɗanɗana tsarin sai da ya shiga akwatin kayan kiɗa aka fice da shi zuwa Labanon a Disambar 2019. Auta wa zai saka shi a akwati?

Ina kawo wannan ne don na san yadda irin waɗannan ejan ke yi. Mafi yawa su cinye kuɗin su kashe waya. Wanda ya ɗan fi su tsoron Allah ya samo bizar ziyara ta 'yan kwanaki ya ce in ka shiga ka ɓace. Japan tsibiri ce, ba Illela ba da za ka bi ta bayan gari ka faɗa Ƙonni. Wanda bizarsa ta ƙare gidan tsare baƙi ake kai shi. A Yunin 2019 wani ɗan Najeriya ya mutu a irin wannan gida a Omura, yankin Nagasaki, bayan yajin cin abinci saboda daɗewa a tsare.

Masu laifi kuma suna nan. Yakuza da ake gani a fim sun kai wajen 180,000 a shekarun 1960, yanzu ba su kai 20,000 ba, don doka ta hana su buɗe asusun banki, da kama haya, da sayen layin waya. Abin da ya maye gurbinsu damfara ce ta waya. A kira tsohuwa a ce "ni ne, ni ne", ta ɗauka ɗanta ne ya shiga matsala, ta kwashe ajiyarta ta tura. Mai farar shaddarku yana da 'yan uwa a can ma.

Kada ku goge saƙonninsa. Ku ce ya rubuto sunan kamfanin da zai ɗauki Auta da lambar takardar cancanta. In kuɗi sun riga sun shiga hannunsa, a kai maganar wurin 'yan sanda tun bai canza layi ba.

Malami a Dundaye:

Barista ta yi gaskiya, ban musa ko ɗaya ba. Na tsallake tambayar baƙar fata. Ba wanda ya taɓa zagina a shekara 4. Amma sau da yawa jirgi a cike, kujerar gefena ba kowa. Masu gida uku suka ƙi ba ni haya da suka ji baƙo ne, sai da malamina ya tsaya mini. 'Yan sanda sun tsayar da ni a kan keke ya fi sau goma, da ladabi da rusunawa, su duba katin zama su ba ni haƙuri, wata mai zuwa a sake. A gefe guda, wata tsohuwa maƙwabciyata da ta gane ba na cin alade, sai ta koma karanta mini bayan kowane ƙunshin abinci a shago da tabaronta, don har biredi da miya sukan sa kitsen alade ko giyar girki. Da na zo tafiya kuka ta yi.

Dattijon Kanwuri:

Ɗana, ni ban yi boko mai zurfi ba, jikana ke karanta mini yana rubuta abin da na faɗa. Duk kun yi maganar zuwa da zama, ba wanda ya yi maganar kwanciya. Na tambayi wani ɗan uwanmu da ya yi fataucin kayan mota can, ya ce mini mutanen nan ƙona gawa suke yi, kusan kowa da kowa, sama da 99 cikin ɗari. Masallatai akwai, na Kobe ma tun 1935 yake tsaye, yaƙi bai rushe shi ba, girgizar ƙasar 1995 ba ta rushe shi ba. Amma maƙabartar da za a sa musulmi a ƙasa ana ƙidaya su da yatsu, wani sai an yi tafiyar yini da gawarsa. A 2025 gwamnan wata jiha, Miyagi, ya so ware fili don haka, mutane suka taso, ya fasa. Ba na hana yaro neman arziki, mu ma mun je Kumasi da ƙuruciya ba da yardar kowa ba. Amma ka gaya wa mahaifiyarku wannan da bakinka, ka ga ko za ta sake zancen gona. Gonar gado kuma ba a sayar da ita don cinikin biri a sama.

Bakaniken Buzaye:

Baba, na gode, Allah ya ƙara girma. Dakta, Barista, Allah ya saka. Mai gidan kallo, ba shi da lasin, kuma ka sani sarai.

Jiya bayan la'asar na kira mutumin gareji, na sa Auta ya zauna kan benci. Na ce ya rubuta mini sunan kamfanin da lambar takardar nan da Barista ta faɗa. Ya ce ai sirrin ofis ne. Na ce to mu je Abuja tare, ni zan zuba mai, mu shiga ofishin jakadancin mu tambaya. Sai ya duba agogo ya ce ana jiransa a Gawon Nama. Da magariba layinsa a kashe.

Nan ne Auta ya fashe da kuka. Ashe tun kwana goma da sunka wuce ya ɗauki kwasar adashinsa, dubu 150, ya ba shi, wai kuɗɗin fom, babu rasit, sai saƙon "na gani" a WhatsApp. Akwai wasu yara biyu a tasharsu da su ma sunka ba da, ɗaya har ya sayar da wayarsa. Gobe da safe za mu haɗu mu huɗu mu kai maganar, na hana kowa goge komai. Babur ya dawo gida, dillali ya ci dubu biyar na wahalarsa. Inna na karanta mata maganar Baba, ba ta ce uffan ba, ta dai tashi ta shiga ɗaki, yau da safe kuma ta aiko a tambaye ni ko an zuba wa gonar taki.

Abin da ya ba ni mamaki, yaron bai haƙura ba. Da dare na same shi shina kallon haruffansu a waya, wai guda 46 ne na farko, akwai wasu 46, sannan dubbai na bayansu. Na ce in da gaske yake ya riƙa zuwa gareji da safe ya koyi inji, da yamma ya yi kabu-kabu, da dare ya yi haruffansa, in ya so in shekara ta zagayo mu gani. Dakta, jarrabawar yaren nan sau nawa ake yin ta a shekara, kuma mai NCE shina iya neman tallafin karatun da ka samu, ko sai mai digiri?